Kuregun Goggo

Shekarar da rijiyar ƙofar gidanmu ta rufta, ina famfarar haƙori, a daminar ne baffana ya tono 'ya'yan kurege biyu a gonar gyaɗa ya kawo wa goggo. Na manta da su, sai bana kukan jikata a nan Greensboro ta Amurka ya tuno min.

Ubanta, wato ɗana, ya sayo mata wani ɗan ɓera mai guntuwar wutsiya, hamsta suke ce masa. Kwana uku, cizo uku. Ɗana ya ce, "Mama, ran Asabar zan mayar da shi kanti." Yarinya ta rungume keji tana ta kuka.

Na ce, "Ku da kuka yi lakwal, kuka sha boko, ɓera ya gagare ku? Ba ni wata guda."

Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma na zauna gaban goggo.

A tsohuwar randa ta sa kuregun nan. Ta yagi bakin zanenta ta jefa musu, don su yi barci cikin ƙanshinta. Da hantsi takan tura ƙyaure, ta kwantar da randar, ta shimfiɗa tafin hannu a ƙasa da gyaɗa a ciki, ɗaya hannun yana jan carbi. Ko kallonsu ba ta yi. Ni kuwa sarkin garaje, na kai cafka, ɗaya ya huda min yatsa.

Goggo ba ta ko ce sannu ba. "Ke shaho ce? Shaho ke zuwa ta sama. Ƙarami duk cikinsa tsoro ne, bari ya girma."

Kafin a gama cire gyaɗa wutsiyarsu ta yi buzu-buzu, halin kowa ya fito. Ɗaya har kafaɗarta yake hawa. Ɗayan, ciki ɗaya, abinci ɗaya, bai taɓa yarda ba. Ta kai shi bakin gona ta sake shi.

Abin da ya tsaya min ke nan: na jikata wane iri ne?

Na sa tsohuwar safarta a kejin. Kullum ta dawo daga lakwal sai mu zauna kan kafet, hannunta a ƙasa. "Ƙawata, daina mutsu-mutsu. Kada ki kalle shi." Tana ba ni amsa da Turanci, ina yi mata Hausa, ɓera bai jin ko ɗaya.

A mako na uku ya fito, ya shinshina, ya hau tafinta ya zauna yana cika kumatu. Ta yi raɗa, da Hausa kuwa: "Kaka, ya zo."

Ɗana ya ce, "Mama, ina kika koyi wannan?"

Na ce, "A lakwal ɗin da ba ka je ba."

Goggo ta rasu, baffa ya bi ta, rijiyar ma an cike ta. Waɗanda suka ga kurege a kafaɗarta, saura ni da ƙanwata can gida. In na buga mata waya, har yanzu musu take wai ita ya ciza. Tabon kuwa ga shi a yatsana.