Filar da Ta Tare wa Baba Hanya

Gidanmu na Wurno ba shi da kusurwa huɗu kamar na mutane. Katangar gabas a lanƙwashe take, tana bin bayan rijiya sannan ta karkata zuwa zaure. Tun da idon Baba ya tafi, da ita yake gani. Sai ya dafa ta da hannun dama ta kai shi zaure, daga nan masallaci. Ko kusa ba ya son ɗan jagora.

Damina ta kada rabin gidan, har da katangar. Yayana ya ce a yi na siminti da bene. Ni zanen gini ne sana'ata a Sakkwato, sai aikin ya faɗo kaina. Na saka awon filin a kwamfuta, manhajar ta jera mini layukan fila, wato ginshiƙan kankare, reras kamar gurbin dara. Ita ina ruwanta da makaho? Fila guda ta faɗa daidai hanyar Baba. Na goge. Na raba layukan gida biyu, na juya na gabas sunka bi tsohuwar lanƙwasa, na ƙara rodi inda tazara ta yi yawa. Wallahi na sha wuya, amma hanyar Baba ta fita fes.

Kafin in dawo daga wani aiki a Goronyo, an zuba kankare an tada bango. Maginin, wani dattijo ɗan Achida, ya tarbe ni da fara'a, wai ya ga kwamfutata ta karkace, shi ne ya ja igiya ya miƙe mini layi kada a yi mini dariya. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Yayana ya ce in yi haƙuri, bakin alƙalami ya bushe, Baba zai saba.

Ranar tarewa na riƙe Baba, ya ture hannuna, wai shi da gidanshi. Ya lalubi inda katanga take a da, ya kamo iska. Ya yi gaba, goshinshi ya bugi filar. Ya tsaya yana shafa ta sama da ƙasa.

"Mi kunka sa nan?"

Hawaye kawai nake yi. Ya daɗe a tsaye, sannan ya miƙo mini hannu.

"To, riƙe ni."

Ban taɓa jin ya ce wa kowa haka ba. Daga ranar bai sake fita shi kaɗai ba har Allah ya karɓi abinsa.