Ragin da Alhaji Barmo Ya Samo

Babayo ɗan maƙera ne daga Wudil, a gindin maƙerar babansa ya tashi yana kallon yadda ake gyara bindigogin maharba. Neman abinci ya jefa shi Guangzhou, ya zama wakilin 'yan kasuwa: ya nemo kaya, ya duba su, ya raka su tashar jiragen ruwa ta Huangpu. A nan ma bindigar ba ta rabu da shi ba, sai dai wannan ta roba ce, irin wadda yara ke hana unguwa sakat da ita ranar Sallah. Ba shi da shago, ba shi da jari. Abin da yake ci da shi kawai shi ne, a Kano ana cewa kayan da Babayo ya duba ba a kuka da su.

Babban mai ba shi aiki Alhaji Barmo ne, dilan kayan wasan yara a kasuwar Sabon Gari. Bayan Sallar bara Alhaji ya yi ta turo masa ƙorafin masu sari: kunamar bindigar, wato inda ake ja da yatsa, tana karyewa, ƙararta ko kaza ba ta firgitawa, fenti kuma yana bin hannun yara. Babayo ya kwashi wannan ya yi ta sintiri ofishin masana'antar da ke kusa da titin Liuhua Lu, har takalminsa ya suɗe. Mai masana'antar, wanda kowa ke kira laoban, ya yi ta cewa meiyou, wato babu, har ya gaji ya miƙa wuya. Aka fito da samfur mai ƙwari. Farashi ya ɗan ɗaga, amma Babayo ya ja kunamar nan har yatsansa ya yi kanta, ko gezau ba ta yi ba.

Sai ga Alhaji ya sauka garin da kansa. Shi kuwa mutum ne da ko allura ba ya saye sai an yi masa ragi. Ya zauna gaban laoban ya gyara babbar riga, ya taya, ya tashi kamar zai fita, ya dawo, sak yadda ake yi a Kano. Laoban ya yi murmushi ya amince.

 Suna fita Babayo ya ce, "Ranka ya daɗe, nan fa ba gida ba ne. A gida in an rage maka kuɗi, kayan na nan yadda suke. A nan in ka rage kuɗi, robar za su rage."

"Haba Babayo, shekarunka nawa a nan ba ka iya ciniki ba? Ko dai kai ma kana da kaso ne?"

Maganar ta soke shi ƙwarai, ya haɗiye ta.

Da kaya suka fito ya fasa kwali ɗaya a sito. Bindigar sakayau, kamar busasshiyar ƙwarya. Bai gama gwada ta ba kunamar ta ɓalle a hannunsa. Takaici ya turnuƙe shi, ya kira Alhaji, wanda tuni ya koma Kano. Idan aka mayar da kayan, jirgin da zai iso kafin Sallah zai wuce su.

"Loda kwantena," in ji Alhaji. "Yara ne fa. Sallar duka kwana nawa ce?"

"Alhaji, sunana ne zai ɓaci."

"Kayanka ne ko nawa?"

Ya loda, ransa a jagule.

Bindigogin ko yinin Sallah ba su kai ba. Iyaye suka mayar wa masu shaguna, masu shaguna suka yi wa Alhaji dafifi da karyayyun robobi a buhu. Shi kuma, Allah ya shirye shi, ya tafa hannu ya ce wakilinsa ne ya duba kayan. Kafin a gama yawon Sallah, Hajiya Saffana, wadda Babayo ya daɗe yana saro wa takalma, ta aiko da gaisuwa mai tsawo, a ƙarshenta ta ce ta sami wani yaro da zai riƙa duba mata kaya. Wasu ko gaisuwar ba su aiko ba.

Yana cikin jirgin ƙasa zuwa unguwar Tianhe saƙon murya ya shigo daga Alhaji. Ya kara wayar a kunne.

"Babayo, na yafe maka, ɗan Adam ajizi ne. Ka nemo mana wata masana'antar mai kaya masu ƙwari. Amma fa a farashin nan da na samo."