Ranar da Aka Rataya wa Ƙanina Kabeji a Wuya

Ko da tsufa zai cinye mini tunani, ba na jin zan manta ranar da na ga ƙanina a cikin waya an rataya masa kabeji a wuya, ana zagayawa da shi ana ihu. Shekaru sun ja, amma in na tuna sai in rasa ko dariya zan yi ko tsaki.

Shi ne autanmu, ni ce babba. Allah ya ba shi kai, ya samu tallafin karatu zuwa wata ƙasa can gabashin duniya, wai zai koyo noman shinkafa. Ni dai ban ga abin da ya hana a koya masa a fadamar garinmu ba. Kafin ya tafi an kai kayan sa ranarsa gidan wata yarinya a ƙauyen da ke gaba da namu ta hanyar Minjibir, gonaki kawai suka raba mu. Yarinya mai hankali, yana sonta tana sonsa, aka ce in ya zo hutu a ɗaura.

Ina tsakar gida ina suyar ƙuliƙuli wata maƙwabciyata ta faɗo ko sallamar kirki babu, ta miƙo mini waya ta ce in duba, ko idonta ne. Wani ƙaton ɗaki na gani, fitilu ta ko'ina, mutane cike a kan kujeru hawa-hawa. A tsakiya ga ƙanina cikin wasu kaya ruwan ɗorawa da suka matse shi, kansa da hular kwano irin ta 'yan acaɓa, jikinsa fari fat an bulbule shi da gari. Wani mutum mai riga mai ƙyalli yana ta ɓaɓatu da yarensu, ya ɗauko igiya da aka jera wa kabeji da albasa ya rataya masa. Sai wasu mata biyu suka riƙe masa hannuwa suna zagayawa da shi, jama'a na tafi suna ƙyaƙyata dariya. Nan hoton ya yanke. Ƙuliƙulin da ke kan wuta ranar ƙonewa ya yi.

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce mene ne abin tashin hankali a nan. To a wajenmu in aka kama ɓarawon gona ba a cika kai shi gaban hukuma ba. Abin da ya sata, masara ce ko gyaɗa ko rogo, shi ake rataya masa a wuya, a watsa masa toka, a zaga gari da shi ana masa ihu. Ba a dukansa, amma gara dukan. Daga ranar gidansu ya shiga bakin duniya, ko ƙannensa sai sun sha wuya kafin a ba su aure. Duk wanda ya kalli hoton nan a garinmu abu ɗaya ya gani: an kama yaronmu ya shiga gonar mutane a ƙasar da ba tasa ba.

Kafin la'asar hoton ya gama wayoyin gari. Inna ta shige ɗaki ta ƙi fitowa, tana ta maimaita cewa ita ba ta haifi ɓarawo ba, kuma in yunwa ce me ya hana shi faɗa. Ni kaina ya ɗaure tamau. Na san halin yaron nan, ko tsinke bai taɓa ɗauka ba, amma ga kabeji a wuyansa ina gani da idona. Kuma abin da ya fi ruɗa ni, wane irin gari ne ake kunna wa ɓarawo fitilu masu launi har da kiɗa? Na kira shi na sake kira, wayar ba ta shiga.

Washegari Baffanmu, ƙanin mahaifinmu wanda shi ne waliyyin yaron tun rasuwar Baba, ya shigo fuskarsa ba daɗi. Ya ce mahaifin yarinyar ya aiko, in an sauko daga Juma'a za a dawo mana da kayan sa rana. Mahaifin nata, Malam muke ce masa, dattijo ne mai magana ɗaya, shi ake kira in an yi rikicin iyakar gona. In kayan nan suka fito daga gidansa ba su komawa.

Sai ranar Juma'ar da hantsi wayar ta shiga. Ina faɗa masa halin da ake ciki yaron nan ya fashe da dariya. Wallahi da yana kusa da sai na kwaɗa masa muciya. Na zazzage shi tas, na ce uwarka ba ta ci abinci ba, aurenka na shirin lalacewa, kai kana wage baki. Nan ya nutsu, ya ce, "Yaya, wasa ne fa na talabijin. Ni ne ma na zo na ɗaya."

Ban gane ba, kuma ban tsaya ganewa ba. Na zura hijabi na ce da Baffa mu tafi gidan Malam, yaron ya faɗa masa da bakinsa ta waya. Muka ratsa gonaki, gero ya yi kai. Muka tarar da Malam a zaure, ga kayan an fito da su an jingine a bango, buhun goro da katan-katan na alewa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, Baffa ya roƙi arziki a saurari yaron. Na kira shi ta yadda za a ga fuska, na miƙa wayar.

Ƙanina ya gaida Malam cikin ladabi ya fara bayani. Wai wani dandali ne mai juyawa aka shafe shi da sabulu, aka zuba kabeji a kai. Mutum ya hau yana tsinta, wasu manyan guduma na soso suna dukansa, wanda ya zame ya faɗa ramin gari. Wanda ya fi tara kabeji shi ake rataya wa, alamar girmamawa. Malam ya tambaye shi laifin me ya yi musu da suka sa shi wannan. Ya ce babu laifi, abokan karatunsa ne suka rubuta sunansu, har layi suka bi kafin a ɗauke su.

Malam ya ce, "Wato da ƙafarka ka je ka ce a yi maka haka?"

Nan na ga maganar ta fi ta farko muni. Ɓarawo ko ba komai an san abin da ya kai shi. Shi kuwa ƙanina uban surutu, maimakon ya ba da haƙuri ya yi shiru, sai ya shiga kare kansa da cewa nasa mai sauƙi ne. Wai akwai wasan da ake sa mutum a ɗaki ya yi ta cizon takalmi da mariƙin ƙofa har ya gano wanne aka yi da alewa. Akwai wanda ake ba ka dariya, in ka dara a tsula maka bulala. A wata ƙasar ma akwatin gilashi ake sa mutum a zuba masa kyankyasai, a ga wa zai fi daɗewa. Ina ta yi masa alama da hannu ya bari, ba ya ganina. Baffa sai salati yake ƙasa-ƙasa.

Malam ya tambaya ko mutanen can ba su da aikin gona ne. Ya ce suna da shi, sun ma fi mu. Ya tambaya me aka ba shi da ya ci. Ya ce tukunyar dafa shinkafa mai aiki da lantarki. Mu da wuta ke leƙo mu sai ta ga dama! Na sunkuyar da kai na ce shi ke nan, aure ya mutu.

Sai Malam ya ce a kashe kiran a sa masa hoton. Ya kawo wayar dab da idonsa ya kalla, ya ce a maimaita, ya sake kallo. Ana ta kiran farko na sallar Juma'a bai motsa ba. Can ya miƙo mini wayar, ya dubi Baffa.

"Ni ban gane wannan abu ba, kuma ba na jin zan gane," in ji shi. "Amma an sha zagayawa da ɓarawo a gabana, ban taɓa ganin wanda ya ɗaga kai ba. Wannan yaron kansa a sama yake, idon mutane yake nema. Ba sata ba ce, wauta ce. Wauta kuwa ita yarinyar za ta ji da kayanta."

Ya leƙa cikin gida ya ce a zo a mayar da kayan cikin ɗakin uwar yarinyar. Ni da na zo da shirin roƙo da kuka, sai ga hawayen sun zubo ba tare da na ce komai ba. A hanyar komawa har tuntuɓe nake don saurin in kai wa Inna labari.

An ɗaura auren da ya zo hutu, yanzu haka 'ya'yansu na zuwa gidana cin ƙuliƙuli. Har gobe ban san abin da ke sa babban mutum ya bi layi don a buga shi da soso ya faɗa cikin gari ba, ya sha yi mini bayani na gaji na ce ya bar shi. Abin da na koya dai shi ne, in na ga abin da ban gane ba, kada in yi saurin laƙaba masa sunan abin da na sani. Gari guda muka kalli hoton nan muka yanke hukunci, mutum ɗaya ne ya yarda bai gane ba ya sake dubawa, kuma da bai sake ba da yarinyar nan tana wani gidan.