Yadda Yaya Ya Ajiye Tuƙi

Shekara tara na yi ina koyarwa a wata firamare a Kusada ina kwana a Kankiya, kuma kusan duk tsawon lokacin a motar yayana nake zuwa. Shi ne babba a ɗakinmu. Direban haya ne, yana da wata ƙaramar mota mai fulogi huɗu, tsohuwa, fentinta ya koɗe har ba ka iya cewa ga launin da ta zo da shi.

Yaya ba ya gudu, tun ma mai yana da araha. Totur ɗin lallaɓa shi yake yi. Kowace safiya kafin lodi sai ya zagaya ya daddanna tayoyi, in ya ji ɗaya ta yi laushi mu biya wajen mai faci a ƙara iska, don a cewarsa taya mai laushi ɓarauniyar mai ce. In ya hango gangara sai ya mayar da giya firi, motar ta sulale da kanta. In fasinja ya tsaya doguwar sallama a bakin hanya, kashe injin yake yi ya jira. 'Yan tasha suka sa wa motar suna kunkuru. Bai taɓa jin haushi ba. Iyakarsa ya ce, "Wanda ya riga ni isa Kusada, mi ya samu can da ni ban samu ba?"

Ana nan sai ɗan kawunmu ya dawo daga kudu, inda ya daɗe yana tuƙa wani ɗan kasuwa. Ya zo da wata baƙar mota mai fulogi shida, doguwa, in ya tayar da ita sai ka ji ƙugin a ƙirjinka. Ya sa ta a layinmu. Sau da yawa muna tafe zai wuce mu fuu, kafin mu isa har ya sauke ya juyo, ya ɗaga mana hannu yana dariya. Ni kaina ranar da na makara nakan saci jiki in shiga tasa, da yamma in kasa haɗa ido da Yaya.

Da aka cire tallafin mai na ɗauka ranar Yaya ta zo. Ta zo ɗin, amma ba ta daɗe ba. Ɗan Kawu ya fara kwana biyu bai fito ba, in ya fito ka gan shi tsugune wajen 'yan bumburutu ana ɗura masa da kwalba. Wata Asabar ya zo gida ya sami Yaya yana wanke kabureta a cikin tasa.

"Yaya, zuwa na yi ka koya mini irin tuƙinka."

Yaya ya goge hannu ya ce mu je. Ɗan Kawu ya kama sitiyarin baƙar motar, Yaya ya zauna kusa da shi, ni ina baya, muka ɗauki hanyar Fakuwa. Yana ta faɗa masa: ɗaga ƙafarka, kada ka jira sai ka zo kan rami ka taka birki, sa giya ta sama tun da wuri. Ɗan Kawu ya bi duk abin da aka ce, gumi yana tsatstsafo masa. Da muka dawo suka duba allurar mai tare. Yaya ya daɗe yana kallonta.

"Ba laifinka ba ne," ya ce. "Wagga ko tana tsaye ci take yi. Doki ka sayo, kuma ba ka da dawa."

Daga baya ne tsoro ya shigo. Da farko labari muke ji daga yamma da mu, an tare hanya, an kwashe mutane. Sai wata rana aka ce an tsayar da wata mota da hantsi, ba nisa da inda muke bi kullum. Ban gani da idona ba, amma washegari tasha ta canza. Kowa ya zo, motar da za ta fi saurin fitar da shi daga daji yake nema.

Akwai wata Bafulatana dattijuwa daga wajen Tafashiya, muna ce mata Goggo. Shekara da shekaru motar Yaya take shiga ranar kasuwa, saboda shi kaɗai ne ba ya zubar mata da nono. Ran nan ta riga ta sa ƙwaryarta a but ɗin motar Yaya, ta tsaya tana kallon baƙar motar tana cika. Sai ta buɗe da kanta ta ɗauke ƙwaryar.

"Goggo, zai zubar miki," in ji Yaya.

"Nono in ya zube, gobe a tatso wani," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ka yi haƙuri, ɗana."

Mun kai azahar ranar motar Yaya ba ta cika ba. Ban je makaranta ba.

Sau ɗaya na ga Yaya ya gwada gudu. Fasinjoji ne suka dame shi, wani mutum a baya yana ta cewa, "Direba, taka mana, nan wurin ba wajen wasa ba ne." Ya taka. Motar ta kama kakkarwa, sitiyari yana rawa a hannunsa, wani wari yana tasowa daga ƙasa. Mun isa lafiya. A hanyar dawowa, ana hango gidajen Kankiya, ta yi tari biyu ta mutu. Man da ya saba kai shi ya dawo da shi har ya rage na gobe, ya ƙare. Muka tura ta ni da shi har tasha.

Da muka zauna ya ce mini, "In na yi gudu, gidan mai na yi wa aiki. In na tahi a hankali, ni kaɗai zan tahi. To wanne zan ɗauka?"

Shi ma ɗan Kawu cikar motarsa ba ta fisshe shi ba. Ya ƙara kuɗin mota, mutane suka ƙara haƙura da tafiya. Wanda a da yake zuwa Bauranya gaisuwar mutuwa, yanzu waya yake bugawa. Ya sa motar a kasuwa, wata da watanni ba wanda ya taya, don kowa ya ji fulogi shida sai ya ja da baya. Ƙarshe ya bayar da ita yadda aka ga dama, ya koma kudu neman wanda zai tuƙa.

Yaya ya ƙara jurewa damina ɗaya. Daga nan ya ɗora motar a kan duwatsu a ƙofar gida, ya koma noman gero a gonar da mahaifiyarmu ta gada. Mutumin da ya kusa sittin, bai saba da fartanya ba tun yana saurayi. Ni kuma na nemi a dawo da ni Kankiya ban samu ba, sai na riƙa kwana a Kusada, in zo gida ranar Juma'a a kan babur, mu uku bayan mai tuƙi.

Bana da lokacin sa taki ya yi, Yaya ya ce in nemo mai sayen motar. Na kawo wani mutum daga Kano. Yaya ya ƙi fitowa, ya ce in yi cinikin. Har na kai zaure ya kira ni.

"Ka dai gaya mishi ba ta shan mai."

Na gaya masa. Mutumin ya yi murmushi, ya ƙwanƙwasa ƙofar motar da ɗan yatsa, ya ce shi ba tuƙawa zai yi ba, ƙarfen yake so, a kan sikeli za a auna. Na sallama masa. Da na koma ciki Yaya ya tambaye ni ko mutumin direba ne, na ce masa e.