Ƙofar da Yaya Idi ya toshe

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Idi, kuma har yau ban gane zauren da ya bar mana a Gaya ba.

Ma'aikacin noman shinkafa ne. Aka tura shi sitaj, wato horon aiki, na 'yan watanni a Wales, ƙasar da mu muke ce wa Ingila shi kuma yana gyara mana. Muka zuba ido ya dawo da labarin injuna. Sai ya dawo da labarin wata 'yar majami'a ta kan tudu, wadda aka gina tun ɗaruruwan shekaru. Mutum mai salla a sahun gaba, amma ba a shan shayi da shi bai kawo zancenta ba. Bangonta dutse ne mai kaurin kamu biyu, in ji shi, tagoginta ƙanana, itatuwan rufinta daga ciki kamar an kife kwale-kwale. Akwai shingen katako da aka sassaƙa wa ganyaye, akwai turmin dutse na ruwa kusa da ƙofa. Abin da ya fi tsaya masa a rai wata ƙofa ce a bangon arewa, an toshe ta amma an bar siffarta. Ya tambayi tsohuwar da ke share wurin dalili, ta ce ita ma haka ta tarar.

Da ya samu fili a bakin hanyar Malanbil, ya sa aka kwaso jan dutse a amalanke, ya gina zaure irin wancan. Mutanen unguwa suka ce Idi ya bar addini. Liman da kansa ya zo ya leƙa, ya tarar da buzu da carbi da buhunan iri, ya sha ruwan randa, ya ce wurin da sanyi, ya tafi. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne bangon da ke kallon hanya. Yaya ya sa magini ya fitar da ƙofa sosai, da dogaranta da komai, sannan ya sa aka toshe. Na ce, "Yaya, wa ke gina ƙofa don ya toshe?" Ya yi dariya ya ce, "Kai dai sha shayinka."

Yanzu hanyar ta cika da manyan motocin kaya, kowane bango da ke kallonta ya zama shago. Bashir, ɗan Yaya, ya yi aure, aikin dakon da yake yi a gadar kan iyaka kuma ba ya riƙe gida. A watan jiya ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ku ba ni izini in rushe zauren nan in yi magaza, in kafa shago. Ban san me ake adanawa a ciki ba." Gaskiya ni ma ban sani ba. In na hana, na tauye maraya saboda duwatsu. In na bari, na rushe abu ɗaya da ya rage mai kamar Yaya. Na yi ta tambayar kaina me zai ce da yana nan, sai dariyar nan kawai nake ji. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to mai ɗakin ya tafi bai faɗa ba.

Na ce kada a rushe, a fasa toshiyar kawai a gani. Magini ya zo da babbar guduma yana cewa aikin wuni ne. Duka ɗaya ya yi, abin ya zube. Ashe ba dutse ba ne a ciki, tubalin laka ne jeri ɗaya, aka shafe shi da jar ƙasa. Haske ya shigo har kan randar. Bashir ya tsaya a tsakiyar ƙofar, ya ga faɗinta daidai na shago ne.

Ko Yaya ya hango wannan rana ya ajiye wa ɗansa ƙofa, ko dutse ne ya ƙare masa ya rufe da laka ya bar ni da wasi-wasi, Allah masani. Na fi son na farkon, amma na san halin yayana, na biyun ma zai iya.

Yau Bashir yana sayar da shinkafa da man ja a wurin. Masu saye sukan daɗe ba su fita ba saboda sanyin bangon. Ni kuma in na je, ta tsohuwar ƙofa nake shiga, in sunkuya kamar yadda muka saba. Allah ya jiƙan Yaya Idi. Na yi kewarsa, kuma har yanzu bai ba ni amsa ba.