Bulalar da Ta Rage

Shekaranjiya muna zaune a zaure da ɗan goggona, wanda ya zo daga Zurmi a kan babur, sai wayar autana ta fara wani ɗan kiɗa, tin, tan, tun, yaron yana bin sa da yatsa. Na ɗaga kai na dubi baƙona, shi ma ya dube ni, sannan ya mayar da idonsa kan tabarma. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, sai na koma da kai baya kafin ka gane dalilin wannan kallo.

A shekarar da aka soke zaɓe, baƙinmu 'yan kudu da yawa suka ɗaure kaya suka bar Kaura Namoda don tsoron abin da zai biyo baya. Wani Kirista mai gyaran rediyo, da ke haya a shagon ƙofar gidan kakanmu, bai tafi ba. Ya ce inda yake cin tuwo nan ne garinsu. Wani ɗan'uwansa da zai tafi ya bar masa wata 'yar na'ura da ake jonawa da talabijin, da kaset ɗaya rawaya. Mu yara muna kiranta gem. Duk wanda ya share masa shago ko ya cika masa randa, zai bar shi ya taɓa, in an kawo wuta.

A jikin kaset ɗin an zana wasanni ɗaruruwa, amma ƙarya ce. Da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba su wuce tara ba, sauran maimaici ne aka sauya musu launi. Mu muka raɗa musu suna. Akwai Magini, inda bulo ke zubowa daga sama kana jera shi. Wannan wasan masu haƙuri ne, kuma har cikin salla nakan ga bulon yana sauka, Allah Ya yafe mini. Akwai Tseren Babur, da ban taɓa so ba, don hayaniya ce kawai. Akwai Mai Faranti, wani ɗan mutum da ke tarar ƙwai kafin su fashe, wanda ke sa mai shago dariya har ya ajiye aikinsa. Amma wanda ya kama ni shi ne Kalangu. Wani makaɗi ne zai fito ya buga, kai kuma ka maimaita da maɓalli: sama, ƙasa, ko gefe. Kowane da muryarsa. In ka yi kuskure uku, sai makaɗin ya juya maka baya. Bugunsa ba ya sauyawa, wanda ya buga jiya shi zai buga gobe, sai dai yana ƙara tsawo da sauri daga mataki zuwa mataki.

Kakanmu, wanda muke kira Malam, shi ke rubuta wa mutanen unguwa wasiƙu da ajami. Cikin jikokinsa ni ya zaɓa yana koya wa. Bayan la'asar nakan zauna gefen buzunsa, ƙamshin tawada da ƙaro yana tashi, yana gyara mini hannu. Ya fere mini alƙalamin gamba da wuƙarsa. Ba ni da abin da ya fi wannan alƙalami daraja a duniya.

Wata rana ina buga Kalangu sai na lura cewa muryoyin nan uku wasulan ajami ne. Sama wasalin bisa ne, ƙasa wasalin ƙasa, gefe kuma rufu'a. Na samu takarda na rubuta bugun duka da harafi ɗaya: ba, bi, bu, layi bayan layi. Na haddace kamar yadda ake hadda, na haye mataki na uku, inda babu yaron da ya taɓa kaiwa.

Ɗan goggona, da aka kawo gidanmu don makarantar boko, ya girme ni da shekara biyu, kuma kafin nan shi ne gwanin shagon. Taubashina ne, tsokana halal ce a tsakaninmu, amma abin da ya yi ba tsokana ba ce. Ya zare takardar daga aljihuna ina wanka. Ajaminsa bai wuce gane wasali ba, amma wannan ya ishe shi. Ya haddace ta tsaf, sannan ya kai wa Malam, ya ce tsubbu nake yi, wai ina rubutawa in wanke in sha don in ci wasa.

Ka sani, babu abin da Malam ya tsana kamar tsubbu. Kuma takarda ce cike da haruffa a jere, ba kalma, ba ma'ana, irin dai ta masu hatimi. Ya kira ni, ya tambaye ni ko hannuna ne. Na ce nawa ne. Na buɗe baki in yi bayani, ya ɗaga mini hannu. Bulala goma ya yi mini da tsumagiya a gaban yaran gida. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Ya karɓe alƙalamin, ya soke shi a cikin rufin zaure, ya ce:

"Hannun da na koya wa haruffa ya kai su wanga wuri, ba ya ƙara zama kan buzuna."

Aka hana ni shiga shagon. Ɗan goggona ya haye mataki na uku da takardata a kansa, yara suna ɗaga shi sama. In mun haɗu wajen cin tuwo sai ya ce mini boka, a hankali, yadda manya ba za su ji ba.

Zan gaya maka gaskiya, ko da ba ta yi mini ado ba. Ban yi addu'ar Allah Ya shirye shi ba. Damina guda na yi ina kiwon abin a zuciyata. Muna noman gero ina tunaninsa, muna korar tsuntsaye ina tunaninsa. Mahaifiyata ta ce in bar wa Allah. Na ce to, amma ban bari ba.

Bayan shagon akwai wata 'yar taga da ke kallon garken awaki. Nan nake tsugunawa, cikin warin taki da ƙudaje, ina saurare. Ba na ganin talabijin, amma kunnena ya san muryoyin. Ɗan goggona ya maƙale a mataki na huɗu: kullum zai kai tsakiya, makaɗi ya juya masa baya. Na saurari rabin farkon nan har na riƙe shi. Na fere wa kaina alƙalami, mummuna, na rubuta layi huɗu na gaskiya. Amma wannan karon ban tsaya kan harafi ɗaya ba, na cakuɗa haruffa iri-iri, don idonsa ya saba. A layi biyu na ƙarshe kuwa, inda bai san abin da ke zuwa ba, na rubuta magana sosai da Hausa, na raba gaɓoɓinta kamar bugu. Na zaɓi kalmomin da babu wasalin da ya fita daga ukun nan. Kwana shida ina tankaɗe su. Sannan na bar takardar a aljihu, na rataye riga, na shiga wanka, na daɗe.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, ya tara yara, ya ce yau zai gama da Kalangu. Ina bayan taga. Layi huɗu suka tafi sumul, har ana tafi. Sai ya shiga nawa. Kuskure, kuskure, kuskure. Ya sake, haka. Ya sake na uku, haka. Na ji mai shago yana ce masa ya ba wasu wuri, yara suna dariya. Na daɗe ban ji abin da ya yi mini daɗi kamar wannan dariya ba.

Na san halinsa, na san inda fushi zai kai shi. Kafin la'asar yana gaban Malam da takardar, yana cewa ga shi na ƙara. Aka kira ni. Malam ya sa tabarau, ya bi layukan sama yana ɗaure fuska. Da ya iso ƙasa sai ya tsaya. Ya karanta a zuci, sannan ya karanta a fili:

"Malam, wanda ya miƙa maka wannan shi ya saci ta bara. Ka duba, ba tsubbu a ciki, kiɗa na rubuta. Ka sa shi ya karanta."

Ya miƙa wa ɗan goggona takardar ya ce ya karanta. Ya kasa haɗa kalma ɗaya. Malam ya tashi da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya shiga shagon, ya ce a kunna masa abin. Ya sa ni na buga, yana bin layukan sama da yatsa. Muka dawo zaure. Sannan ya miƙa hannu cikin rufi ya zaro alƙalamina, duk ƙura, ya goge da bakin rigarsa ya ba ni. Ya ce ya yi hukunci bai saurara ba, in yafe masa. Na yafe masa nan take.

Sai ya tambaye ni ko na yafe wa ɗan'uwana. Na ce a'a. Ya tambaye ni bulala nawa na sha, na ce goma. Ya ɗauko tsumagiya ya fara zuba wa ɗan goggona. Ina tsaye ina kallo, ban kau da kai ba. Ya kai ta tara ke nan ladan ya kira salla. Malam ya ajiye tsumagiyar ya ce:

"Saura guda. Wagga tsakaninku ta, ku kun san yadda za ku yi da ita."

Bayan kaka aka mayar da ɗan goggona Zurmi. Malam ya rasu a shekarar da aka ba mu jiha, Allah Ya jiƙansa. Shagon yanzu na masu cajin waya ne. Wasan da muke share ɗaki don mu taɓa, yau yana aljihun kowane yaro, kuma ba wanda ke rubuta komai, in sun maƙale sai su sauya wani. Ni da ɗan goggona mun yi zumunci, mun yi bukukuwa da jana'izu tare, amma ba mu taɓa ambatar ranar ba, ni kuma ban taɓa mantawa ba.

Shekaranjiyar, da yaron ya fita da wayarsa, sai baƙona ya gyara zama. Ya ce hanyar Zurmi yanzu mutum in ya fito bai san ko zai koma ba, kuma ba ya so ya tarar da Malam da saura a kansa. Ya miƙo tafin hannunsa, furfura a gemunsa.

"Taubashi, karɓi abinka."

Na duba zaure, babu tsumagiya. Na buɗe gafaka na ɗauko alƙalamin gamban nan, ya bushe ya yi baƙi. Na riƙe yatsunsa, na ɗaga, na sauke masa iya ƙarfina. Alƙalamin ya karye biyu. Ya yarfa hannu ya ce ashe har yanzu boka ne ni. Na ce goma ta cika. Muka tashi muka yi alwala da buta ɗaya.