Gaji Mai Daddawa da Ɗiyarta Madina

A Garu ta Dutse, shekaru kaɗan bayan Nasara sun ci Kano, an yi wata mata ana ce mata Gaji mai daddawa. Gajeruwa ce, marar yawan magana, hannunta ya yi kanta saboda wankin kalwa. Mijinta Nata'ala manomi ne, suna zaune a gidan gandu tare da uwarsa, Iya Albarka, da ƙannensa biyu da iyalansu. 'Ya'ya uku Gaji ta binne kafin yaye. Ta huɗun, Madina, ita ce ta tsaya.

Madina na da shekara huɗu abin ya fara. Wata rana da hantsi tana wasa a tsakar gida sai ta dafe ciki, ta ce, "Inna, ƙauri." Gaji ta ruga wajen tukunyar kalwa, ta tarar ba abin da ya kama. Da ta juyo sai ta ga yarinyar a tsaye, ido a buɗe amma ba ta ganin kowa, tana tauna ba komai a bakinta, yatsunta na tsintar bakin zanenta. Ta kira ta sau uku, shiru. Can ta yi hamma, ta kwanta barci. Da ta tashi ba ta san an yi ba.

Karo na biyu a gaban Iya Albarka aka yi.

"Gaji, 'yar nan taki gatsine take mini? Ina magana tana lasar baki kamar akuya ta samu kanwa."

"Ƙuruciya ce, Iya."

"Gado dai. Ke ma da aka kawo ki haka kike, sai an jefe ki kike amsawa."

Gaji ta yi dariyar yaƙe. A ƙauyensu, can wajen Buji, ta taɓa ganin wani kawunta da ya fara da irin wannan kafin ya soma faɗuwa. Ta san sunan abin, farfaɗiya, ta kuma san hukuncinsa. Mutane sun yarda a miyau ake ɗauka. Mai ita ba a haɗa akushi da shi, in ya faɗi ba a taɓa shi.

Sai ta yi dabara. Ɗakin da take rufe daddawa ba mai shiga, don an ce in aka yawaita buɗewa ba ta nuna, ga kuma wari. Ta ce wa Madina, "Duk sa'ad da kika ji ƙaurin nan, ki zo ki ja zanena. Kada ki gaya wa kowa." In ta ja, sai Gaji ta sungume ta su shige, ta rungume ta a tsakanin kwanduna har abin ya sake ta. Ta je wurin Modibbo, malamin unguwa, neman rubutun sha, ta ce firgita ce. Ya tambaya, "Tana faɗuwa?" Ta ce, "A'a, Malam." A lokacin gaskiya ta faɗa.

Damina biyu suka yi a haka, Madina na cin tuwo da 'yan'uwanta kamar kowa.

Ranar gayyar noman Nata'ala, Gaji ta ɗauki abinci ta kai gona. A gida, yara na zagaye da akushin tuwon dawa lokacin da ƙaurin ya zo. Madina ta waiga, babu zanen da za ta ja. Hannunta na cikin akushi ta ƙame, miyau ya zubo cikin miya. Wannan karon sai ta sandare ta faɗi, tana shure-shure. Yara suka watse.

Da Gaji ta dawo ta same ta kwance a rana, ƙasa a kumatunta, mata na tsaye daga nesa suna salati. An riga an haƙa rami an binne tuwon. Ba wanda ya ɗaga ta.

Iya Albarka ba muguwa ba ce. Tana kuka ta ɗauki ƙoƙo ta yi masa alama da wuƙa mai zafi, don Madina ta riƙa ci a ciki ita kaɗai.

"Tun yaushe, Gaji?"

"Damina biyu, Iya."

"Damina biyu jikokina na cin miyaunta, kina kallo?"

Nata'ala na zaune a bakin rumbu, kansa a ƙasa.

Kafin kasuwa ta sake ci labari ya gama gari. Ba wanda ya ƙara sayen daddawar da hannun Gaji ya cura, ta kifa tukwanenta. An yi wa Madina tsaga, an yi mata hayaƙi, an kawo sassaƙe daga Kano, abin sai ƙaruwa yake. Ta fara manta waƙoƙin gaɗa da ta iya, wani lokaci har sunan ƙannen babanta. Gaji kan ɗaura igiya daga ƙugunta zuwa na yarinyar in za ta kusa da murhu ko rijiya.

Da azahar in an sauke abinci, yara su zauna a inuwar ɗaki, Madina a bayan rumbu da ƙoƙonta, tana leƙensu.

"Inna, laifin me na yi musu?"

"Ba ki yi komai ba."

"To yaushe zan koma?"

Gaji ta ɗebo ruwa. Ta wanke hannu, ta zauna, ta sa hannu a ƙoƙon. Matar ƙanen mijinta ta hango, ta ce, "Yaya Gaji, kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani."

Daga ranar aka ware wa Gaji tata randar ruwa, in ban da Madina ba wanda ya sake cin abinci da ita a gidan har Gaji ta mutu. Madina ba ta koma akushin yara ba.